Mangwaron Tiam-hok

Malam So ya yanka mangwaron gida biyu, ya ɗaga ɓari ɗaya saitin taga yana jujjuya shi. Giok-lan ba ta zauna ba. Tun shigowarta ya nuna mata kujera, ta ce ta gode, ta tsaya rungume da hular kwanonta tana sauya ƙafa.

"Babu gashi ko ɗaya," in ji shi. Ya kankare ƙwallon da bakin wuƙa. "Dubi ƙwallon ma, fale-fale."

"Ai na gaya maka."

"Kin gaya mini, Inna. Ni kuma aikina in gani da idona."

Malam So shi ne jami'in gona a ofishin ƙungiyar manoman garinmu. Tun farkon damina yake fama da maganar mangwaron nan. Ya je gonar ya auna ganye, ya ɗauki hoton fure da ɓawo, ya kai wa mutanen tashar bincike, ya kuma bi duk irin da aka taɓa yi wa rajista ɗaya bayan ɗaya. Yau ne ya ce ta zo ta ji sakamako.

"Babu mai kama da shi," ya ce, yana goge hannu. "Launinsa daban, ƙamshinsa daban, ga shi ba ya nuna sai na kowa ya ƙare a kasuwa. Ta wannan ɓangaren marigayi maigidanki ya yi aiki."

"To kawo in sa hannu."

"Saura abu ɗaya." Ya tura mata farantin, ba ta ɗauka ba. "Sabo a wurin doka ba shi ne sabo a wurinmu ba. Ko da babu irinsa a duniya, in an taɓa sayar da shi fiye da shekara guda kafin a nemi haƙƙin, ya daina zama sabo. Ɗan itacen ne, ko dashe, ko reshen aure, duk ɗaya ne. In dai kuɗi sun shiga tsakani, kuma da yardar mai shi."

Giok-lan ta yi 'yar dariya ta hanci. "Sayarwa? Ni ce fa mai gadin gonar nan. Ko ganye bai fita ba ban sani ba. Rassan da aka sassare ma ni nake ƙona su da hannuna."

"Bai taɓa ba kowa ba?"

"Ya ba 'yan'uwa sun sha a gida. Ƙwallon kuwa sai an dawo mini da shi."

"Wannan ba matsala." Malam So ya cire tabarau ya murza ido. "Duk da haka ki zagaya ki tambaya, Inna. Maza suna yin abin da ba sa faɗa a gida. In aka ba ki takarda, daga baya wani ya fito da shaida cewa ya saya, soke ta za a yi. Kuma sa hannunki ne a ƙasa. Gobe zan tafi birni, in babu komai sai in tafi da takardun. Wane suna za a rubuta?"

"Tiam-hok," ta ce. "Sunansa."

Ta fito ta tarar da sama ta yi nauyi. Rediyon mai gyaran taya yana ta maganar guguwar da ke tasowa daga teku. Ta tayar da babur, ta kashe, ta sake tayarwa. Gida ya kamata ta nufa, don 'ya'yan mangwaron suna rataye cikin jakunkunan takarda, ba a tsinke ko rabi ba. Amma maganar nan ta maza ta tsaya mata a rai.

Tiam-hok ya rasu a sanyin da ya wuce. Ya faɗi a bakin rijiyar gona da bokiti a hannu, kafin a kai shi asibiti ya cika. Kusan shekara ashirin ya yi yana binne ƙwallaye a ƙarshen gona, inda iri biyu suke haɗa rassa. Yawancin abin da ya fito tsami ne ko gashi, ta sha yi masa faɗa a kan filin da yake ɓatawa. Sai bishiya ɗaya ta yi abin da ta yi. Ranar da ya kawo mata na farko ta sha a tsaye a bakin murhu, ba ta yaba ba, cewa ta yi, "Kada ka kuskura ka ba kowa reshe." Ta san abin da ya sami maƙwabcinsu da gwabarsa. Masu sayar da dashe suka yi ta karɓar rassa da sunan zumunci, suka laƙaba mata wani suna na kasuwa, yau ana sayar da ita ko'ina, babu wanda ya san daga gonar wa ta fito. Kuma ranar jana'izar Tiam-hok, mai gandun dashen nan na bakin titi ya zo ya kunna turare ya rusuna, yana fita ya tsaya yana leƙen ƙarshen gona ta saman shinge.

Abin da take so ke nan, sunan mijinta a rajistar gwamnati, yadda babu mai aura reshe ɗaya sai da izini, kuma babu mai canza masa suna.

Ta juya kan babur zuwa kasuwa.

A-ngo, ƙanwar Tiam-hok, tana da rumfar taliya da romo kusa da layin masu kifi. Ta hango ta tun daga nesa ta ɗaga ludayi.

"Matar Yaya! Yau kuma wa ya taɓo ki? Kin shigo kamar mai neman ɓarawo."

"Shi nake nema. Yayanki ya taɓa sayar da mangwaron nan?"

"Wanne?"

"A-ngo, mangwaro nawa ne nake ƙona rassansa?"

A-ngo ta juya ga tukunya. "Zauna ki ci abinci. Dubi wuyanki, kamar na kaza. Yaya zai ce mun bar ki da yunwa."

"Ba na jin yunwa."

"Ba a tambaye ki ba." Ta dire mata kwano. Giok-lan ta zauna a gefen benci, ta ɗauki tsinken cin abinci ta ajiye. Ta gaya mata abin da Malam So ya ce, na shekara guda, na kuɗi, na soke takarda. A-ngo tana ji tana zuba gishiri a romo, ta rufe, ta buɗe ta ƙara zubawa.

"Kin riga kin sa," in ji Giok-lan.

"Na sani." Ta ajiye gwangwanin. "Yaya da ciniki? Mutumin da ko kaza zai sayar sai ya ba ta haƙuri? Bai taɓa ba. Kowa kika tambaya haka zai ce."

"Me ya sa kowa zai ce? An shirya abin da za a ce ne?"

"Kai, Matar Yaya, ke dai da ke aka ɗauka 'yar sanda, da gidan yari ya cika." Ta yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Wani mai saye ya zo, ta sallame shi da sauri, ta dawo tana goge teburin da ba shi da datti. "Ni dai a ganina abin da aka kai wa Kakan Ƙasa a ɗakin bautarsa ba ciniki ba ne. Ai sadaka ce. Ko a ofis ɗin ba su san sadaka ba?"

Giok-lan ta ɗago kai. "Me aka kai wa Kakan Ƙasa?"

A-ngo ta toshe baki da tsumman hannunta.

"Yaushe?"

"Wayyo bakina. Yaya, ka yafe ni." Ta dubi sama, ta dubi kwanon. "Shekarar da aka yi miki aiki. Kina birni wurin 'yarki. Ni ban je ba, ina kasuwa, labari aka ba ni. Je ki wurin Cun-seng, shi ya san komai. Amma ki ci ko loma biyu tukuna."

Giok-lan ta riga ta sa hula.

Damina uku ke nan da aka yanke mata ƙari a ciki. Ta daɗe a asibitin birni, ta kuma daɗe a gidan 'yarta kafin ta iya hawa mota. Duk lissafin gadinta, ba ta taɓa sa watannin nan a ciki ba, don a ganinta Tiam-hok yana tare da ita. A barandar asibiti yake kwana a kan kwali. Sai yanzu ta tuna ya taɓa cewa zai je gida ya ba itatuwa ruwa, ya yi kwana biyu, ya dawo da ƙamshin turare a rigarsa.

Hanyar gidan Cun-seng ta gaban ɗakin Kakan Ƙasa take bi, abin bautar da mutanen garin suke kai wa roƙonsu. Tsofaffin da ke dara a gindin cediya suka ɗaga mata hannu. Ta rage gudu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, duk suka mai da ido kan dara. Rufin ɗakin sabo ne, ja, yana sheƙi. Ta sha wucewa ta nan ba ta taɓa tambayar wa ya biya ba.

Cun-seng abokin Tiam-hok ne tun suna yara. Aladu yake kiwo a da, yanzu gwiwa ta hana shi, yana zaune shi kaɗai a gidan da ke kan tudu. Ta tarar da shi yana ɗaure kwanon rufin rumfa da waya saboda iska.

"A'a, matar Dogo! Yau an tuna da talakawa?"

"Mai Aladu, buɗe mini bayan gida."

Ya sauko daga kan kujerar da ya taka, a hankali. "Bayan gida babu komai sai tarkace. Zo ki sha shayi."

"A-ngo ta faɗa."

"A-ngo," ya ce, ya tofar da yawu gefe. "Tun tana yarinya ba a ba ta ajiyar magana."

Ya ja ƙyauren langa-langa. Inda garken aladu yake a da, ga bishiya nan, ta ɗan fi mutum tsawo, an kewaye ta da raga. Giok-lan ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba. Ta san ganyen nan mai ɗan lanƙwasa a baki. Ta tsuguna ta duba gindin, ta ga tabon auren, yankan a karkace daga hagu, yadda bahago kaɗai yake yi. Tiam-hok bahago ne. 'Ya'ya ƙalilan suna rataye cikin jakar takarda, iska tana kaɗa su.

Ta miƙe ta zagaya bishiyar, ta sake zagayawa.

"Faɗa mini."

Cun-seng ya zauna a kan tsohon kwamin aladu. "Daren da za a shiga da ke aiki ya kira ni a waya, ya ce in je in kunna masa turare. Ya ce in gaya wa Kakan Ƙasa, in kika tashi, zai kawo abin da ya fi so a gonarsa. Na ce Dogo, ka ce alade mana, ni zan ba ka. Ya ce shi ba ya son alade, ba zai yi wa Kaka ƙarya ba. To kika tashi. Bikin Kaka ya zo kina birni. Sai ga shi da dashe a tukunya, ya ɗaura masa jan ƙyalle."

"Ya ajiye a gaban Kaka. To shi ke nan, sadaka ce."

"Ke ma kin san yadda ake yi."

Ta sani. Duk abin da aka kawo wa Kakan Ƙasa ranar biki, in an gama cin abinci gwanjonsa ake yi. Kowa ya taya, wanda ya fi ya tafi da albarkar gida, kuɗin kuma a yi wa ɗakin hidima. Ita kanta ta taɓa sayen buhun shinkafa haka.

"Bai hana ba?"

"Ya hana? Shi ya ɗaga tukunyar sama don na baya su gani. Sai da mai gandun dashen nan ya ɗaga hannu, sannan na ga fuskar Dogo ta canza. Bai yi tunaninsa ba sam. Mutumin ya taya, na ƙara, ya ƙara, na ƙara. Kuɗin alade biyu na zuba a kan sanda mai ganye shida. Rufin da kika gani, rabinsa nawa ne." Ya yi murmushi. "Da aka watse Dogo ya bi teburi-teburi da kwalbar giya yana roƙo. Ya ce duk wanda ya bari kika ji, shi zai ɗauki gawarsa, don ke za ki kashe shi."

"Da na kashe shi."

"Shi ya sa."

Giok-lan ta kama ragar da hannu biyu. Ta ce, "An sayar ke nan. A gaban gari, da yardarsa, damina uku." Ta gaya masa abin da hakan yake nufi. Babu rajista. Babu suna. Gobe mai gandun dashe ya sami reshe ɗaya, ya aura dubu, ya kira shi abin da ya ga dama.

Cun-seng ya tashi ya shiga rumfa yana ɗingishi, ya fito da zarto.

"Matsa," ya ce.

"Me za ka yi?"

"In sare ta, in tone gindin, in ƙona. Guguwa tana zuwa, kowa zai rasa itace. Wa ya san da ita? Mai gandun dashe zai yi magana, to maganarsa shi kaɗai, mu duk gari. Tsofaffin nan sun yi shiru shekara uku saboda kwalbar giya, za su ƙara saboda Dogo. Ki je ki sa hannunki."

Ya ɗaga ragar ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora zarton ƙasa da tabon auren. Giok-lan ta tsaya tana kallon zarton. Abin zai yiwu, ta ga yadda zai yiwu. Malam So zai tafi birni gobe, wata rana takarda ta zo da hatimi, ta jingina ta kusa da hoton Tiam-hok inda take ajiye masa shinkafa.

Zarton ya ci ɓawo, farin danƙo ya fito.

"Da kika zo ma na huta," in ji Cun-seng yana haki. "Kullum sai na yi wa Giok-lan ban ruwa a ɓoye kamar mai ajiye farka."

"Wa?"

Ya dakata. "Bishiyar. Haka muke ce mata."

"Su wa?"

"Kowa. Ai ba a gwanjon abu babu suna. Mai shela ya ce, Dogo, mene ne sunan wannan iri naka? Ya tsaya da tukunya a hannu, rigarsa duk ta yamutse, kin san a ƙasa yake kwana lokacin. Ya ce, Giok-lan. Wani daga baya ya ce, in dai halinta ya ɗauko, wa zai iya da shi? Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, wai don Kaka ya ji da kyau, kada ya rikita ki da wata."

Iska ta taso ta kaɗa langa-langar rumfa. Giok-lan ta sa hannu a cikinta, daidai inda ɗinkin yake, ba tare da ta sani ba.

"Cire zarton," ta ce.

"Matar Dogo, ki yi tunani. Shekara ashirin fa."

"Na ce cire. Abin da aka kai wa Kaka ana komawa a karɓo? Mijina ya biya, an ba shi abin da ya roƙa, ga ni tsaye. Yanzu in je in rubuta cewa bai biya ba?"

Cun-seng ya janye zarton. Ta tsuguna ta duba yankan. Bai yi zurfi ba. Ta ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shafe wurin, ta ciro ƙyallen da take ɗaure wuya da shi ta naɗe gindin ta ƙulle.

"Kuma ka daina cika mata ruwa, ga ganyen ƙasa ya fara rawaya. Wannan ba alade ba ce."

"To, ranki ya daɗe."

Ta ciro waya daga aljihu. Sai da ta yi kuskuren lamba ta sake dannawa. Malam So ya ɗauka.

"Inna, an zagaya?"

"An zagaya. An sayar. Dashe ɗaya, a gwanjon Kakan Ƙasa, damina uku da suka wuce. Shi da kansa ya ɗaga tukunyar."

Ta ji yana jan kujera. "Kash. Zan tambaya a birni ko akwai wata hanya, amma ba zan yaudare ki ba, ban ga alama ba. Sannu, Inna." Ya ɗan yi tari. "Abin da ya rage, ki riga kowa kai shi kasuwa. In mutane suka saba da suna, da wuya a canza musu. Zan sa a buga miki kwalaye a nan ofis. Tiam-hok za a rubuta, ko?"

Giok-lan ta dubi bishiyar. Cun-seng yana tsaye da zarto a hannu, ya kau da kai yana kallon kwamin aladun da babu komai a ciki.

"A'a," ta ce. "Yana da suna. An riga an raɗa masa."

Ta faɗi sunan, Malam So ya ce ta maimaita, ta maimaita. Ta mai da wayar aljihu. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan langa-langa.

"Mai Aladu, kawo kwando mu tsinke naka kafin iskar nan. In mun gama ka hau bayan babur ɗina, akwai nawa suna jira."

"Da wannan gwiwar?"

"Ka riƙe tsani, ni zan hau."

Ta kwance jakar takarda ta farko. Mangwaron ya nuna, kafaɗarsa ta yi ja. Ba ta sa shi a kwando ba. Ta goge shi da gefen riga ta zura a aljihu. Akwai wanda za ta ajiye wa shi a gaban hoto in ta koma gida, kuma akwai faɗan da za ta yi masa.